Na tsinci The Shining mai bangon kwali a gwanjo: bugun farko ne ko kuwa?

Nura: Salamu alaikum 'yan gida. Ina da tambaya ga masanan Stephen King, marubucin labaran ban tsoron nan na Amurka. Jiya na biya wajen masu littattafan gwanjo ina neman wani littafin makaranta, sai idona ya faɗa kan The Shining mai bangon kwali, har da rigarsa ta takarda, ko da yake ta ɗan yage daga sama. A ciki an rubuta Doubleday, 1977, kuma na san a shekarar littafin ya fito. Wani abokina ya ce in bugun farko ne kuɗinsa zai saya min babur. Yaya ake ganewa? Ga hotunan nan na saka.

Sadiku: Allah ya sa babur ɗin ne, mu ma mu samu mai rage mana hanya 😂

Malam Habu: Wa alaikumus salam, ƙanena. Dakata da zuwa wajen masu babur tukuna. Wannan 1977 da ka gani shekarar haƙƙin mallaka ce, ko bugu na ashirin ka ɗauka ita za ka tarar a wurin. Juya bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafin, ka duba ko an rubuta "First Edition" ɓaro-ɓaro. Haka Doubleday ke yi a wancan zamanin, in suka sake bugawa sai su cire waɗannan kalmomin. Sannan ka buɗe rigar, a kunnenta na gaba daga sama ya kamata ka ga farashi, dala 8.95. Na ƙarshe kuma shi ne wanda 'yan koyo ba su sani ba: je shafi na 447, ka buɗe littafin sosai, ka leƙa can ƙasa kusa da ɗinki. Akwai wata 'yar ƙaramar lamba a ɓoye. Bugun farko R49 ne.

Lambar nan ba ado ba ce. Harafin yana nuna shekarar da aka buga, lambar kuma mako. R ita ce 1976, ka ga ke nan an buga shi a mako na 49, farkon Disamba, aka fitar da shi kasuwa a Janairun 1977. Haka sauran suke: Carrie na 1974 P6 ne a shafi na 199, 'Salem's Lot na 1975 Q37, The Stand na 1978 T39 a shafi na 823.

Nura: Malam na duba. Babu "First Edition", babu farashi ko kaɗan a rigar. Amma a ƙasan kunnen rigar an rubuta "Book Club Edition".

Sadiku: Innalillahi. Babur ya zama keke.

Malam Habu: Ko keken ma da wuya, Sadiku. Nura, abin da ke hannunka bugun kulob ne. A Amurka akwai kulob-kulob na masu karatu da ake shiga, a riƙa aiko wa mutum littafi gida ta gidan waya a farashi mai sauƙi. Doubleday da kansu suna da irin waɗannan a wancan zamanin. To su ake buga wa na musamman: takarda mai araha, littafin ya ɗan fi na kanti ƙanƙanta da rashin nauyi, kuma ba a sa farashi a rigar tunda ba a kanti za a sayar ba. An buga su da yawan gaske, shi ya sa ba su da wata daraja wajen masu tarawa. A iya abin da idona ya gani, yawancin littattafan King masu kwali da ke biyo dilar gwanjo zuwa ƙasashenmu irin waɗannan ne, ko kuma waɗanda ɗakunan karatu suka sallama, da hatimi ko'ina a jikinsu. Amma labarin ciki ɗaya ne, ka karanta abinka. Da rana dai.

Sadiku: To ni a nan ne kaina ke ɗaurewa. Labari ɗaya, kalmomi ɗaya, marubuci ɗaya. Wancan dubban daloli, wannan kuɗin shayi da burodi, wai saboda R49 da sai ka kusa ɓalle littafin kafin ka gan ta. Malam, ka gafarce ni, wannan ba son karatu ba ne, ƙarya ce ta masu kuɗi.

Malam Habu: Ai ba ka ji komai ba. Bari in ba ka wanda zai ƙara ɗaure maka kai. Lokacin da za a fitar da 'Salem's Lot, wanda ya rubuta bayanin da ke kunnen rigar ya yi kuskure, ya kira limamin cocin da ke labarin Father Cody, alhali sunansa Father Callahan. Cody sunan likitan labarin ne. An kuma buga farashi dala 8.95. Daga baya kamfanin ya sauke farashin, aka bi rigunan aka datse kusurwar, aka buga 7.95, kuskuren sunan yana nan. Sai a karo na uku aka gyara sunan. Saboda haka bugun farko ɗaya yana da riga iri uku. Ta ukun ita ce gama-gari. Ta biyun tana wuya. Ta farkon kuwa, wadda ba a datse ba, 'yan ƙalilan ne aka san da su a duniya, kuma kuɗin rigar kaɗai ya ninka na littafin nesa ba kusa ba.

Sadiku: Wato kuskuren ake saye. Na gode da ka tabbatar min da magana ta.

Malam Habu: Ba kuskuren ba, ƙarancin. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin abin da ke faruwa da kaya in suka yi ƙaranci masu nema suka yi yawa. Carrie kwafi 30,000 aka buga da farko, lokacin marubucin malamin makaranta ne da ba wanda ya san shi. Da yawa sun tafi ɗakunan karatu sun sha hannu. Shekara hamsin bayan nan, nawa suka rage da rigarsu lafiya lau? Ka kwatanta da littattafansa na bayan ya shahara, irin su The Tommyknockers, da aka buga bugun farkonsu da ɗaruruwan dubbai. Waɗannan ko bugun farko ne ba su fi kuɗin sabon littafi ba.

Anti Rabi: Na daɗe ina karanta ku ina murmushi. Yaya Habu, a wannan karon rabi ina tare da Sadiku. Ban ce farautar bugun farko hauka ba ce, amma ni ba ta taɓa burge ni ba, don in ka ajiye Carrie na farko kusa da na biyar ba abin da idonka zai ƙaru da shi. Abin da nake tarawa shi ne masu zane, domin a can ne kake samun wani abu da babu shi a sauran bugun. Kuma wannan fagen talaka ma yana da wurin tsayawa.

Ku ɗauki The Gunslinger, littafi na farko a jerin The Dark Tower. Asalinsa labarai biyar ne da suka fito a wata mujalla tsakanin 1978 da 1981. King bai ga alamar masu karanta labaransa na ban tsoro za su so shi ba, sai ya ba wa wani ƙaramin maɗaba'i a jihar Rhode Island, Donald M. Grant, ya fitar da shi a 1982: kwafi 10,000 na kasuwa, da 500 masu lamba da sa hannu. Michael Whelan ya yi zane-zanen, masu launi, kowanne shafi guda. Shiru kake ji, ba wanda ya damu. Sai a 1983 Pet Sematary ya fito, a gabansa aka jera sunayen littattafan marubucin, aka saka The Dark Tower a ciki. Nan fa mutane suka tashi, kowa yana tambaya wane littafi ne wannan da bai taɓa gani a kanti ba. Wasiƙu suka yi ta zuwa har aka sake buga wasu 10,000 a 1984, su ma ba su isa ba.

Ga inda nake so ku lura. A 1988 kamfanin Plume ya fitar da shi da bango mai laushi, babban girma, kuma bai cire zanen Whelan ba, suna nan da launinsu. Wanda ke da bugun Grant da wanda ke da na Plume, Roland ɗaya, jarumin labarin, suke kallo zaune a bakin teku, hasumiyar can nesa a sararin samaniya. Bambancin kuɗin kuwa tsakanin sama da ƙasa ne. Ni na Plume nake da su, kuma ban taɓa jin an fi ni komai ba sai kaurin takarda.

Kuma kowane littafi a jerin da mai zanensa: Phil Hale a na biyu, 1987, Ned Dameron a na uku, 1991, Dave McKean a na huɗu, 1997, wanda shi salonsa haɗa hoto da fenti ne, wasu ba sa so, ni kuwa ina ganin ya dace da labarin soyayyar da ta ƙare da baƙin ciki, Bernie Wrightson a na biyar, Darrel Anderson a na shida, sai aka dawo da Whelan ya rufe da na bakwai a 2004. In ka jera su za ka ga mutum ɗaya da fuska daban-daban, kowane mai zane da yadda ya hango shi. Phil Hale ma sake sababbin zane ya yi gaba ɗaya da Grant ya sake buga na biyun a 1998, ka ga littafi ɗaya yana da zane kashi biyu daga hannu ɗaya. Wannan shi ne tarawar da ke da ma'ana a wurina.

Malam Habu: Rabi, ban musa ba, amma ki ƙara da cewa a 2003 King ya sake gyara The Gunslinger, ya ƙara wasu wurare ya canza wasu don ya dace da ƙarshen jerin. Wanda ya sayi sabon bugu yau ba rubutun 1982 yake karantawa ba. Kin ga ashe wani lokacin tsohon bugu ba takarda kawai ba ne, rubutu ne da ya ɓace daga kanti.

Anti Rabi: Gaskiya ne, amma na Plume na 1988 ma tsohon rubutun ne. Ka ga har yanzu ban buƙaci na Grant ba 😄

Nura: Anti, wanne za ki ce mutum ya fara nema?

Anti Rabi: Cycle of the Werewolf, ba tantama. Ɗan siriri ne, a zama ɗaya za ka gama. Asalinsa kalanda aka so a yi, King ya rubuta 'yan layuka ga kowane wata, Wrightson ya zana hoto. To mutumin ba ya iya rubuta abu kaɗan, sai kalanda ta zama littafi mai babi 12, Janairu zuwa Disamba, a kan mutumin da ke rikiɗa ya zama kerkeci duk lokacin da wata ya cika. Land of Enchantment suka fara fitar da shi a 1983, sai Signet suka yi na bango mai laushi a 1985 da zanen a ciki. Ka duba babin Yuli, inda yaron nan mai keken guragu ya jefa wa dabbar abin tartsatsin wuta a fuska. Wrightson gwanin alƙalami ne, in ka ga yadda yake jera siraran layuka su zama duhu da inuwa sai ka rasa ta ina ya fara. Ya rasu a 2017. Shi ne kuma ya yi zane 12 na baƙi da fari a cikakken The Stand na 1990, wanda aka dawo masa da wajen shafi 400 da aka yanke a 1978. Wannan kam an buga shi da yawa, kana iya tsintarsa a gwanjo, sai dai ka duba ko zanen na ciki kafin ka biya.

Isuhu Maraɗi: Sannunku da hira. Mu nan Nijar da Faransanci muka san shi. Abin da ke zuwa wajen masu baza littattafai a Yamai yawanci ƙananan na aljihu ne, J'ai Lu da Le Livre de Poche, jifa-jifa kuma manyan na Albin Michel. Ina da It da Faransanci, J'ai Lu sun raba shi littafi uku, na sha wuya kafin in haɗa ukun don kullum na biyu ne ke ɓacewa. Tambayata, Malam Habu, masu tarawa suna lissafa fassara ko sai na Turancin Amurka?

Malam Habu: Suna lissafawa, Isuhu, amma kasuwarsu daban. Wanda ake kira bugun farko na haƙiƙa shi ne wanda ya riga kowa fitowa a duniya, kuma ga yawancin littattafansa na Amurka ne. Bayan shi sai na Ingila, New English Library da Macdonald da Hodder & Stoughton, waɗanda su ne suka fi zuwa Nijeriya a da. Tsofaffin na Ingila masu kwali wasu sun fi na Amurka wuyar samu saboda ba a buga da yawa ba. Na fassara kuma akwai masu tara su don bangon kawai, a ga yadda kowace ƙasa ta zana labari ɗaya. Ukun nan naka ka riƙe su tare, cikakken saiti ya fi warwatse daraja a ko'ina.

Sadiku: To ku ba ni labarin na can sama, waɗanda attajiran ke kokawa a kai. Ina son in ji iyakar abin.

Malam Habu: Iyakar abin tana da ban dariya. A 1980 Phantasia Press suka fitar da Firestarter, kwafi 725 masu lamba da sa hannu, Whelan ya zana rigar. Ban da su sai aka yi wasu 26, ba lamba aka sa musu ba, haruffa ne daga A zuwa Z, aka yi musu bango da ƙyallen asbestos, wanda ba ya cin wuta, tunda labarin yarinya ce mai kunna wuta da tunaninta. Ba su suka fara ba, an yi wa Fahrenheit 451 na Ray Bradbury haka a 1953, kwafi 200. Abin da ake cirewa daga rufin gine-gine saboda yana jawo cutar huhu, shi mutane ke biyan dubun-dubatar daloli su kai ɗakinsu.

Akwai My Pretty Pony na 1989, wanda gidan kayan fasaha na Whitney a New York ya fitar tare da mai zane Barbara Kruger, kwafi 250. Bangonsa ƙarfe ne, da ɗan agogon lantarki a manne, don labarin a kan tafiyar lokaci yake. Akwai The Stand na 1990 na musamman, kwafi 1,250, bangon baƙar fata a cikin akwatin katako da masu tarawa ke kira akwatin gawa, King da Wrightson duk sun sa hannu. Sai waɗanda shi da kansa ya buga a ƙaramar maɗaba'arsa, Philtrum Press: The Eyes of the Dragon a 1984, shekara uku kafin ya shiga kanti, da The Plant, wanda yake aika wa abokansa a madadin katin Kirsimeti a 1982 da 1983 da 1985.

Anti Rabi: Ka ga abin da nake faɗi. Littafi mai bangon ƙarfe wa zai kwanta da shi yana karantawa? Kuma abin da ya fi ba ni haushi, mutum ya sayi mai zane, ya ƙi cire ledar da aka naɗe shi da ita daga maɗaba'a, wai kada darajarsa ta faɗi. Mai zanen ya yi watanni yana aiki, kai kuma ka kulle aikin a leda har ka mutu ba ka gani ba, magadanka su sayar wa wani shi ma ya ƙi buɗewa. Wannan ba tara littafi ba ne, ajiyar kuɗi ce, gara ya sayi fili.

Malam Habu: Nan kam muna tare. Ni duk wanda ya shigo hannuna sai na buɗe. Kuma ledar nan ma ba ta da amfani ga littafin, tana matse kwalin tana tara danshi. Amma kada ki haɗa duka ki yi musu kuɗin goro. Akwai na tsakiya, masu kyau, da aka yi don a karanta: The Shining na Folio Society na 2016 da zanen Edward Kinsella, ko 'Salem's Lot da Doubleday suka fitar a 2005 da hotunan Jerry Uelsmann, har da wuraren da aka yanke daga rubutun farko. Asalin wannan na Centipede Press ne a 2004, 'yan ɗaruruwa kawai, sai aka yi wa jama'a mai sauƙi.

Kawu Lawal: Ni tambaya ɗaya gare ni, ba don in ɓata hirar ba. Hotunan dodanni da masu shan jini a ɗakin da mutum ke salla, hankalinku yana kwanciya?

Anti Rabi: Kawu, tambayarka a kan hanya take. Nawa a rufe suke a kabad mai ƙofa, ba a rataye a bango ba, kuma ba na barin yara ƙanana su buɗe na Wrightson don wasu zanen suna da jini sosai. Hukuncin kuwa na bar wa malamai, ba zan yi fatawa a nan ba.

Malama Zainab: Ina bin ku tun ɗazu, kuma na ƙaru. Amma akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Kun san lambar da ke ɓoye a shafi na 447 na littafin Ba'amurke, kun san rigar da aka datse da wadda ba a datse ba. Cikinmu wa zai iya gane bugun farko na Ruwan Bagaja na 1934 in an ajiye masa a gaba? Wa ke da tsofaffin bugun Magana Jari Ce masu zanen nan da muka tashi muna kallo? Ko na kasuwar Kano na shekarun 1990, masu bangon da aka zana da hannu, da suka fito dubbai, yanzu je ka nemi cikakken saiti ka gani. Su Turawa sun rubuta komai, har makon da aka buga. Namu gara na ci muna nan muna ƙirga na wasu.

Malam Habu: Malama, maganarki ta shige ni, amma ban ga dalilin da zai sa ɗaya ya hana ɗaya ba. Abin da ya sa aka san R49 shi ne wasu masu naci sun zauna sun kwatanta kwafi da kwafi, sun rubuta abin da suka gani, masu saye da masu sayarwa suka yarda da shi. Ba hukuma ce ta yi musu ba. In muna so a yi wa namu haka, irin wannan nacin ne dai za a koya: duba maɗaba'a, duba farashin da ke bango, duba ko an canza zanen, a ɗauki hoto a ajiye.

Malama Zainab: To a fara mana. Zan buɗe wani zaren daban, duk mai tsohon littafin Hausa ya ɗauki hoton bango da shafin maɗaba'a ya saka.

Isuhu Maraɗi: Ni ma zan duba na wajen tsohona. Af, Malama, kin san shi ma King ya taɓa yin irin ta marubutan Kano? The Green Mile a 1996 kashi-kashi ya fito, 'yan ƙananan littattafai shida, ɗaya kowane wata daga Maris zuwa Agusta, mutane na jiran ci gaba kamar yadda ƙannenmu mata ke jiran na biyu da na uku. Ina da huɗu daga ciki da Faransanci.

Bashir: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ba wanda ya ambaci Rage. Na ji an ce shi ne aka hana sayarwa, gaskiya ne?

Malam Habu: Ba hukuma ce ta hana ba, shi marubucin ne ya ce a daina bugawa. Ya fito a 1977 da sunan aro, Richard Bachman, ƙaramin littafi mai bango mai laushi daga Signet. Huɗu ya fitar a haka kafin Thinner: Rage, The Long Walk a 1979, Roadwork a 1981, The Running Man a 1982. Ba wanda ya san nasa ne sai a 1985 da wani ma'aikacin kantin littattafai a Washington ya bi takardun haƙƙin mallaka ya gano. Tunda ba a san nasa ba ne, ba wanda ya adana su, an karanta an yar, shi ya sa masu kyau suke wuya. Rage labarin ɗalibi ne da ya shiga makaranta da bindiga ya yi garkuwa da 'yan ajinsu. An samu yara da suka aikata irin haka aka tarar suna da alaƙa da littafin, na ƙarshe harbin da aka yi a wata sakandare a jihar Kentucky a 1997. Daga nan ya ce a bar shi ya ɓace. In ka ga tarin nan mai suna The Bachman Books, duba jerin abin da ke ciki: tsofaffin bugu labari huɗu ne, na baya uku.

Bashir: Ashe nawa mai huɗu ne! Na Ingila ne, mai bango mai laushi.

Sadiku: Ka ga wani baburin kuma.

Malam Habu: A'a, an buga tarin da yawa, ba zai sa ka kuɗi ba, ko da yake ya fi mai ukun daraja. Na 1977 shi kaɗai ne mai tsada.

Anti Rabi: Ni wannan ɗin ba na nemansa, kuma ba na jin daɗin yadda 'yan kasuwa ke tallarsa da cewa haramtacce ne don su ɗaga farashi. Mai abu ya ce ya janye saboda an zubar da jinin yara, kai kuma ka mai da wannan dalilin abin talla.

Bashir: Anti, to in ƙona nawa?

Anti Rabi: Haba, wa ya ce? The Long Walk na ciki, kuma yana cikin mafi kyawun abin da ya rubuta. Ajiye abinka, kawai kada ka bar shi inda ɗan sakandare zai ɗauka.

Nura: Malam, na ga ana tallar masu sa hannunsa a eBay da araha. Su fa?

Malam Habu: Nisance su. Jabun sa hannunsa sun cika intanet, kuma takardar shaidar da mai sayarwa ke haɗowa shi ya buga abarsa, wanda ya iya ƙirƙirar sa hannu takarda ba za ta gagare shi ba. Ya daɗe da daina karɓar littattafai ta gidan waya don ya sa hannu. Abin da ake amincewa da shi shi ne bugu na musamman mai shafin da aka tanada don sa hannu da lamba, daga maɗaba'ar da aka sani. In ka ga araha ta yi yawa, akwai dalili. Kuma kafin ka yi oda daga waje, haɗa kuɗin aikawa da na kwastan da canjin dala, sau da yawa sun fi kuɗin littafin.

Isuhu Maraɗi: Ni matsalata ajiya ce. Gara ta taɓa shiga kwalin da na ajiye a ƙasa, ta cinye gindin littattafai da dama kafin in ankara.

Malam Habu: Kwali a ƙasa gayyata ce. Ɗaga su sama a kan kanta, kada ta jingina da bangon da ke tsatsafo da damina, kuma ka riƙa motsa su kana kaɗe ƙurar hunturu. Rana kada ta taɓa su, tana kashe launin riga, ja ne ke fara koɗewa. Kada ka liƙa salatif a inda ya yage, bayan 'yan shekaru yana barin tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Kada a naɗe a ledar kasuwa a ɗaure, funfuna za ta kama. Masu zane mai launi kuma su suka fi tsoron danshi, don takardarsu mai sheƙi ce, in ta jiƙa ta bushe shafukan mannewa suke yi, kana ɓamɓarewa zanen na tashi. Ko ƙwararru ma abin na cin su. A Janairun 2018 bututun ruwa ya fashe a Bangor, garin da King ya daɗe da zama a jihar Maine, ruwa ya cika ɗakin ƙasa na kantin Gerald Winters, wanda ya ƙware a kayan King. Wajen littattafai 2,000 suka lalace, har da rubuce-rubucen asali da aka buga da tafireta, waɗanda babu na biyunsu.

Isuhu Maraɗi: Subhanallah. To maganin gara fa, a fesa a jikin littafin?

Malam Habu: A'a, a ƙafar kantar da bangon ɗakin za ka sa, kada ya taɓa takarda. Wanda ƙwari suka riga suka shiga, raba shi da sauran tukuna.

Shugaban zaure: Tunatarwa: ciniki ta akwatin sirri, ba a nan ba. Kuma wanda zai saka hoton zane ya saka ɗaya ko biyu, kada a ɗauke littafi gaba ɗaya. Mai ba da labarin Cycle of the Werewolf kuma kada ya faɗi ko wane ne kerkecin, akwai waɗanda ba su karanta ba.

Anti Rabi: An ji, ranka ya daɗe. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan saka na Janairu da na Yuli, da guda ɗaya na McKean don Yaya Habu ya faɗi abin da ya sa ba ya son sa. Malama Zainab, ki sa ni a zarenki, akwai wasu tsofaffi a akwatin mahaifiyata da zan sa a ɗauko min hotonsu.